Aibi daban, nadama daban: maganar mayar da sabuwar waya

Kwana uku ko huɗu bayan sayen sabuwar waya ne ɗoki ke kwantawa, sai mai ita ya fara ganin abin da idonsa bai gani ba a shago. Caji ba ya kai shi magariba. Bayanta yana ɗaukar zafi in ya daɗe a kiran bidiyo. Hoton da ya ɗauka da daddare bai kai na tsohuwar da ya bar wa ƙaninsa kyau ba. Sai ya ɗauko rasit, in ma an ba shi, ya tarar da rubutun nan da aka saba bugawa a ƙasa, cewa kaya in ya fita ba ya dawowa. Daga nan mutane suke rabuwa gida biyu. Wani ya haɗiye abin, ya ce ƙaddara ce. Wani ya tashi da hayaniya ya nufi kasuwar waya ta Farm Centre ko ta titin Beirut a Kano, ya dawo gida da wayarsa da ɓacin rai a kai.

Ina ganin dukansu biyun sun yi kuskure, kuma tushen kuskuren ɗaya ne: ba su tsaya sun tantance abin da ke damun wayar ba. Akwai waya mai aibi, akwai wayar da aka yi ƙarya a kanta, akwai kuma wayar da lafiyarta ƙalau, mai ita ne kawai ya sa mata ran da ba za ta iya cikawa ba. Biyun farko mayar da su haƙƙi ne, kuma yin shiru a kansu ba haƙuri ba ne, taimaka wa mugun ciniki ne. Ta ukun kuwa ba a bin ɗan kasuwa bashin komai a kanta, sai dai alfarma.

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi yanzu shi ne kuɗi. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500, kuma kowace waya da dala ake shigo da ita. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne. Ke nan wayar naira 200,000 ta kusa cinye albashin wata uku na ƙaramin ma'aikaci. Wanda ya yi adashi ko ya sayar da ragon kiwo ya saye ta, ba za a ce masa ya yi haƙuri da allon da ke danna kansa ba.

Doka tana tare da mai saye fiye da yadda yawancinmu muka sani. Dokar gasa da kare haƙƙin masu sayayya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu sayayya. Sashe na 132 na dokar ya bai wa mai saye wata uku daga ranar da ya karɓi kaya, in kayan bai kai ingancin da ya kamata ba, ya mayar wa wanda ya sayar masa ba tare da an ci shi tara ba, a gyara, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Sashe na 129 ya hana a sa sharaɗin da zai tauye wannan haƙƙi. Sashe na 117 ya wajabta wa mai sayar da kayan da aka yi amfani da su ko aka yi wa kwaskwarima ya bayyana haka a fili, na 118 kuma ya wajabta ba da shaidar ciniki a rubuce. To, rubutun da ke ƙasan rasit bai fi ƙarfin waɗannan ba. Amma a lura da kyau: dokar ba ta ce in ka ga wata ta fi burge ka a hannun abokinka ka mayar da taka ba. Ko a ƙasashen Tarayyar Turai, kwana 14 na mayar da kaya da ake yawan ambato na kayan da aka saya daga nesa ne, ta intanet ko ta tarho, ba na wanda ya shiga shago ya duba ya biya ba. Kwana 30 na dokar Birtaniya ta 2015 shi ma na kaya mai aibi ne.

Kafin wannan doka ma fiƙihu ya gama maganar, kuma abin mamaki ne yadda muke karanta babin ciniki a zaure mu bar shi a can. A mazhabar Malikiyya ciniki ya ƙullu da zarar mai kaya ya sallama mai saye ya karɓa, babu zaɓin fasawa don kawai ba a tashi daga wurin ba, sai in an sharɗanta. Amma zaɓin aibi yana nan daram: in aibin ya riga ciniki, mai saye bai san da shi ba, kuma yana rage darajar kaya, yana da damar ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Hadisin dabbar da aka ƙi tatsa kwanaki don hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye ya yi daidai da zancenmu ƙwarai. An bai wa wanda ya saye ta zaɓi na kwana uku, domin irin wannan algus ba ya bayyana a ranar farko. Haka batirin waya yake, haka ma'ajiyar bogi take, wato wadda ke nuna girman da ba ta da shi. Sai dai malamai sun ƙara wani abu da mai saye zai riƙe: wanda ya ga aibi ya ci gaba da amfani da kaya kamar ba komai, ana ɗaukar hakan a matsayin ya yarda. Wanda ya ga layi a allo ranar Talata, ya ci gaba da kallon TikTok har wata ya zagayo, ya raunana hujjarsa da kansa a gaban malam da gaban alƙali.

Saura tantancewa, kuma a nan ne aikin yake, domin rabin ƙorafin makon farko ba aibi ba ne.

Batir shi ne kan gaba. A kwana biyu zuwa uku na farko waya tana aikin da ba a gani: tana sauke manhajoji, tana jawo hotuna daga Google Photos ko iCloud, tana maido da tsofaffin saƙonnin WhatsApp, tana jera fayiloli don bincike, ga sabuntawar tsarin da ke zuwa da zarar an haɗa ta da intanet. Mai ita kuma bai ajiye ta ba tun safe, haske a ƙure. Ba a yanke wa batir hukunci a wannan lokaci. A rana ta huɗu sai a yi gwaji biyu. Na farko, a cika caji zuwa 100, a sa ta a yanayin jirgin sama, a bar ta daga sallar isha zuwa asuba. Lafiyayyar sabuwar waya abin da za ta rasa bai wuce kashi biyu zuwa biyar ba. In ta wayi gari a 80, akwai matsala. Na biyu, a kunna bidiyon da aka riga aka sauke, haske a tsakiya, na awa ɗaya cur. Waya mai batir 5,000mAh ba ta da dalilin cin abin da ya wuce wajen kashi goma. In ta ci waɗannan gwaje-gwaje amma tana zubar da caji a wurin aikinka, duba sandunan sabis. Inda sabis yake da rauni waya tana ƙara ƙarfin da take neman turke da shi, ta sha batir, ta yi zafi, musamman in layi biyu ne a ciki ko an bar ta tana farautar 5G a unguwar da babu shi. MTN ya fara 5G a 2022, Airtel a 2023, amma har yau wasu sassan manyan birane ne kawai suke da shi. Mayar da saitin zuwa 4G kaɗai yana kashe wannan ƙorafi a wayoyi da dama.

Alamun batir mai aibi daban suke: waya ta mutu tana kan kashi 30, ko lambar ta yi tsalle daga 60 zuwa 40 cikin minti ɗaya, ko murfin baya ya fara ɗagowa. Wannan na ƙarshe ba a kwana da shi. Batirin da ya kumbura iska ce ta taru a cikinsa, kuma yana iya kamawa da wuta. Samsung da kansa ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016 saboda batir, ya daina ƙera ta gaba ɗaya. Babu sunan kamfanin da ya fi ƙarfin irin wannan.

Jinkirin caji sau da yawa lissafi ne. Batir 5,000mAh yana ɗauke da wajen 19Wh na wuta. Caja mai ƙarfin 10W za ta kwashe fiye da awa biyu kafin ta cika shi, mai 33W kuwa awa ɗaya da ɗoriya. Saurin da aka rubuta a kwali sau da yawa ba ya samuwa sai da kan cajar kamfanin da igiyarta, kuma ko da su, waya tana rage gudu da gangan in ta haura kashi 80 ko in ta ji zafi, don ta kare batir. Wanda ya bar cajar da ta zo a kwali ya ɗauki ta naira dubu ɗaya da rabi daga mai tallan kan hanya ba shi da ƙara. Irin wannan cajar ce ma take sa allo ya riƙa danna kansa yayin caji, musamman a kan wutar ƙaramin janareta, saboda wutar da take fitarwa ba ta da tsabta. A cire caja a gani. In allon ya natsu, cajar ce. In ya ci gaba da buɗe manhajoji shi kaɗai alhali babu komai a jone, an kuma ɓare gilashin kariya an goge fuskar, to tac ɗin ne, wato sashen allo da ke jin taɓawar yatsa, kuma aibi ne.

Zafi kuma sai an yi wa waya adalci. Apple ya rubuta cewa an ƙera iPhone don ta yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, sauran kamfanoni ma kusan haka suke. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, cikin Afrilu, inuwa ma tana haura 40. Wayar da ke cikin kauri-kaurin rigar roba, a kan caji, ana kiran bidiyo da ita a cikin mota da azahar, dole ta yi zafi, ta rage haske, ta rage gudu. Wannan kare kanta take yi. Wani zafin kuma daga manhaja yake: iPhone 15 Pro ta fito a 2023 da ƙorafin zafi, kamfanin ya saki sabuntawar iOS 17.0.3 a watan Oktoba ya magance shi. Shi ya sa ake fara sabunta waya kafin a ɗauke ta zuwa kasuwa. Zafin da ake tsoro shi ne na wayar da ke ajiye a ɗaki mai sanyi, allo a kashe, babu caji, amma kusa da kyamara ko ramin caja ya yi zafin da ba a iya riƙewa. Wannan yawanci wuta ce ke zurarewa a fanel, wato faifan lantarkin da ke cikin waya, kuma ba ya warkewa da kansa.

Akwai kuma lambobin kwali, waɗanda nake ganin kamfanoni suna da laifi a kansu ko da doka ba ta kama su ba. In ka ga an rubuta RAM, wato ƙwaƙwalwar da manhajoji ke aiki a cikinta, 16GB da ƙaramin tauraro a gefe, ko 8+8, to takwas ne na gaskiya. Sauran takwas ɗin aro ne daga ma'ajiyar waya, kuma ma'ajiya ba ta kusa da saurin RAM, balle a ce irin ta eMMC ce mai jinkiri da ake sa wa wayoyi masu sauƙin kuɗi maimakon UFS mai sauri. Kyamara mai 108MP a yadda ta zo tana haɗa ɗigo tara ya zama ɗaya, hoton da take ba ka na 12MP ne, mai 50MP kuma tana haɗa huɗu ta ba da 12.5MP. Kyawun hoton dare ya dogara ga girman idon kyamarar da ƙwaƙwalwar da ke sarrafa hoton, ba yawan lambar ba. Shi ya sa tsohuwar babbar waya ta shekara huɗu da ta wuce take iya doke sabuwa mai matsakaicin farashi. Ma'ajiyar 128GB ma ba duka za ka samu ba, tsarin wayar da manhajojin da ta zo da su suna cin wajen 15 zuwa 25. Duk wannan yana da ciwo ga wanda bai sani ba, amma wayar ta zo yadda aka ƙera ta. Ba aibi ba ne.

Ƙarya daban ce, kuma tana da hanyoyin kamawa. Kafin a bar shago a danna *#06#. Lambar IMEI mai lamba 15, wato lambar shaidar wayar, za ta fito, a gwada ta da wadda ke jikin kwali, a kuma sa mai shago ya rubuta ta a rasit da hannunsa. Rasit ɗin da ya ce «waya ɗaya» kawai bai tabbatar da komai ba, gobe za a iya cewa ba wannan aka sayar maka ba. Da IMEI ko lambar siriyal ake duba garanti: masu Tecno da Infinix da itel a wurin Carlcare, cibiyar gyaran waɗannan wayoyi, masu iPhone a shafin Apple na duba garanti. In ka yage ledar waya yau amma garantinta ya fara ƙirgawa wata biyar da suka wuce, ba sabuwa ba ce, sake naɗe ta aka yi, kuma injin naɗe kwali ba shi da tsada. A iPhone harafin farko na lambar samfuri yana magana: M sabuwa ce, F wadda kamfani ya sabunta, N wadda aka bayar a madadin wata. Daga iOS 15.2 kuma sashen bayanin waya yana nuna tarihin kayan da aka canja, batir ko allo ko kyamara. A Samsung, *#0*# yana buɗe shafin gwaji a yawancin samfura, a ga allo ja zalla, kore zalla, shuɗi zalla, a nemi mataccen ɗigo, a ja yatsa ko'ina a ga inda tac bai kama ba, a gwada lasifika da jijjiga.

Ma'ajiyar bogi ita ce mafi wayo. Ana iya shirya wayar kwaikwayo ta nuna 256GB a saitin alhali 32 gare ta, har ta ruɗi wasu manhajojin bincike. Hanya guda ce ba ta ƙarya: a loda mata bidiyo masu nauyi har su haura 40 ko 50GB, sannan a buɗe su ɗaya bayan ɗaya. In sun fara ƙin buɗewa ko wayar ta ce ta cika, magana ta ƙare.

Wayoyin da aka ƙera don wata kasuwa suna da nasu ciwon. iPhone 14 da na bayanta da aka yi wa kasuwar Amurka ba su da ramin layi sam, sai eSIM, wato layin da ake saukewa cikin waya ba tare da kati ba. Wata wayar a ɗaure take da kamfanin sadarwa na ƙasar da ta fito. Wata kuma ba ta da zangon da layinka yake amfani da shi, misali 4G na Glo da ke kan 700MHz, wato zango na 28, sai ta riƙa faɗawa 3G a inda wayar maƙwabcinka take gudu. Idan mai shago ya sani bai faɗa ba, wannan ɓoye aibi ne, ko da wayar ba ta da ƙwarzane ko ɗaya. Kuma sau da yawa garantin irin waɗannan ba ya aiki a Najeriya, abin da ya kamata a tambaya kafin a biya.

In waya tana maƙalewa ko tana kashe kanta tana kunnawa, akwai gwaji ɗaya da ke raba gardama. A yawancin wayoyin Android, in ka riƙe alamar kashewa da ke fitowa a allo, za ta ba ka damar tashi a yanayin kariya, inda manhajojin da ka sauke duk suke tsayawa. In matsalar ta ɓace a can, wata manhaja ce daga cikin naka, galibi irin kwafin WhatsApp ɗin nan da ba na kamfani ba, ko manhajojin da ke cewa suna share datti. In tana nan, a kwashe bayanai, a mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani, a yi kwana ɗaya ba a sa mata komai ba. Wadda ta sake mutuwa bayan wannan, ƙarfenta ne ba lafiya.

To an tabbatar aibi ne. Babban kuskuren da ke kashe haƙƙin mutane a nan shi ne kai ta wurin mai gyara na bakin titi don ya ɗan duba. Ba raina sana'arsu nake ba, akwai gwanaye a cikinsu da suke tayar da fanel ɗin da kamfani ya ce ya mutu. Amma da zarar an ɗaga murfin sabuwar waya, gam ɗin kamfani ya tashi, sukurori sun nuna alamar sukundireba, garanti ya tafi, mai shago kuma ya sami abin da zai ce. Filashin da manhajar da ba ta kamfani ba shi ma haka, a Samsung ma akwai alamar tsaro ta Knox da in filashin ya canja ta ba ta komawa. Ruwa kuma yana barin shaida: akwai ɗan farin tambari a cikin waya, a iPhone ana hango shi ta ramin layi, wanda yake komawa ja in danshi ya taɓa shi. Garanti ba ya ɗaukar ruwa, ba ya ɗaukar fashewar allo, ko da an rubuta cewa wayar tana jure ruwa.

Abin yi shi ne a ɗauki bidiyon matsalar da wata waya, a fara da nuna IMEI a allo sannan aibin, ba tare da yankewa ba, domin aibin da ke zuwa yana tafiya ya iya ɓuya a gaban mai shago. A haɗa kwali da caja da igiya da takardun ciki da rasit da shaidar tura kuɗi ta banki. A aika wa mai shago saƙo a rubuce tun ranar da aka gani, don kwanan wata ya zauna. Sannan a je da wuri, da safe, kafin kasuwa ta cika, a yi magana a natse. Gaggawar tana da dalili na zahiri: kamfanoni da manyan diloli suna da ɗan taƙaitaccen lokacin da suke karɓar wayar da ta zo da matsala su ba da sabuwa, kwanaki ƙalilan ne, kuma sau da yawa sai cibiyar gyaran kamfani ta duba ta ba da takarda. Cikin wannan lokaci mai shago ba zai yi asara ba, zai tura ta sama ne. Bayan ya wuce, abin da galibi ake samu a aikace gyara ne a ƙarƙashin garanti, kuma wanda ya biya kuɗin sabuwa ya koma riƙe da wadda aka buɗe. Ni a ganina, aibin da ya fito a makon farko musanya ko kuɗi ya kamata a nema, ba gyara ba.

In mai shago ya ƙi, ba a fara da 'yan sanda, domin wannan ba aikinsu ba ne, kuma yana mayar da ciniki gaba. Manyan kasuwannin waya suna da shugabanni da ke sasanta irin wannan, kuma ɗan kasuwa yana jin nauyinsu fiye da yadda yake jin takarda daga Abuja. In abin ya gagara, akwai FCCPC, akwai hukumar kare masu sayayya ta jiha a wurare irin su Kano, akwai kotunan ƙananan ƙararraki da ba sa buƙatar lauya. Ban ce hanyar tana da sauri ba. Amma kowane mai saye da ya haƙura da wayar da aka sake naɗewa ya koya wa mai naɗewar cewa sana'ar tana ci.

Dole kuma a faɗi ta ɗan kasuwa, don shi ma yana da gaskiyarsa. Ribar da ke kan sabuwar waya a ƙaramin shago siririya ce, wani lokaci caja da riga da gilashi sun fi ta kawo kuɗi. Da zarar an yage leda an kunna waya, garantinta ya fara tafiya, ba zai iya sayar da ita a matsayin sabuwa ba sai ya yi irin ƙaryar da muke kuka da ita. Akwai kuma masu saye marasa tsoron Allah: wanda wayar ta faɗa masa a bokiti ya shanya ta ya zo yana rantsuwa, da wanda ya saya don biki ya yi hotuna ya dawo da ita ranar Litinin. Irin waɗannan ne suka sa aka fara buga wancan rubutu a rasit. Na fahimci dalilin, amma maganin bai dace ba, domin ya haɗa mai gaskiya da maƙaryaci ya rufe musu ƙofa ɗaya.

Wanda wayarsa lafiya take amma ransa bai kwanta da ita ba, ya sani alfarma yake nema. Addini ya kwaɗaitar da ɗan kasuwa ya yi ta: hadisi ya zo cewa wanda ya yarda ya warware ciniki da Musulmi, Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Amma kwaɗaitarwa ce, ba tilas ba, kuma adalci ne mai saye ya ɗauki faɗuwar darajar da ya jawo. Kafin ya je ma ya yi lissafi. In za a cire masa naira 30,000 a wayar 200,000, sannan ya yi ciko ya ɗauki ta 260,000, ya kashe 90,000 ke nan a kan bambancin da wataƙila bai wuce hoton dare ba. In abin da ke damunsa sabon tsari ne, kamar wanda ya baro Android ya koma iPhone yana neman maɓallin komawa baya, mako biyu yana isa hannu ya saba. In kuwa abin ya shafi abincinsa ne, mai sayar da atamfa a intanet da kyamara ke canja mata launin kaya, ko ɗan acaɓa da taswira ke ɓace masa, gara a yi asarar yau, domin darajar waya kullum ƙasa take yi, kuma wata guda nan gaba abin da za a cire ya fi haka.

Abin da nake so in ga ƙungiyoyin 'yan kasuwar waya sun yi ba shi da wuya. A cire wancan layi daga rasit, a sa uku a madadinsa: lambar IMEI, matsayin wayar ko sabuwa ce ko an yi amfani da ita ko an canja mata wani abu, da adadin kwanakin gwaji, ko da bakwai ne, tare da kason da za a cire in an dawo da ita ba don aibi ba. Wannan shi ne cinikin zaɓi da fiƙihu ya sani tun da daɗewa, sharaɗi bayyananne da lokaci sananne. Masu sayar da wayoyin da aka yi amfani da su a waje sun riga sun saba ba da 'yan kwanakin gwaji da baki, abin da ya rage a rubuta. Shagon da ya fara yin haka zai rasa 'yan dubbai a kan wayoyi ƙalilan, amma shi za a riƙa turo wa 'yan uwa.

Ranar mayarwa kuma kada a miƙa waya da rayuwar mutum a cikinta. A adana saƙonnin WhatsApp da hotuna, a fita daga manhajojin banki, a cire asusun Google kafin a goge wayar, in ba haka ba za ta kulle ta nemi tsohon asusun a hannun wanda ya karɓa. A iPhone a kashe Find My a fita daga iCloud, domin babu shagon da zai karɓe ta da wannan kulle. A zare layi da katin ajiya, in eSIM ne a goge shi. In an ce a bar ta za a tura wa dila, a karɓi takarda mai ɗauke da IMEI, da yanayin jikinta, da ranar da za a dawo. In musanya aka yi, sabuwar ma a buɗe ta a nan kan kanta, a danna *#06#, a gwada da kwali, a sa a gyara lambar da ke rasit kafin a fita.